Yadda ake dasa gorar ado a gida ta kama, daga zafin Kano har ƙasashen ƙanƙara

Duk wanda ya taɓa zama a gindin gora da la'asar, iska na kaɗa ganyenta suna wata 'yar ƙara kamar ana sheƙa hatsi daga nesa, ya san abin da ke sa mutane son ta a gida. Tana rufe katanga mai muni, tana kare tagar ɗaki daga idon masu wucewa, tana rage ƙurar hunturu, kuma cikin shekara uku takan yi abin da darbejiya ko mangwaro sai sun daɗe kafin su yi. Amma na ga gora da yawa ta mutu a tsakar gidajen mutane, na kuma ga wadda ta rayu har ta zama abin rigima tsakanin maƙwabta. A dukkan biyun tun ranar saye aka yi kuskuren: an dubi launin kara, ba a tambayi irin saiwarta ba, ba a kuma tambaya ko za ta iya da yanayin garin ba.

Wace gora ake magana?

A fara raba ta da abubuwa biyu da ake haɗa ta da su. Gwangwalar da ake yin gado da rufin rumfa da ita ba gora ba ce, reshen tukurwa ce, dangin giginya da kwakwa. Haka nan ɗan tsiron nan mai kore shar da ake sakawa a kwalbar ruwa a kan tebur a ofisoshi da otal, wanda ake murɗa karansa kamar igiya, shi ma ba gora ba ne. Sunansa a wurin masana Dracaena sanderiana, kuma asalinsa ma nan kusa da mu ne, dazuzzukan tsakiyar Afirka wajen Kamaru, duk da cewa yawanci daga Asiya ake shigo da shi. Idan ka kai shi rana a tsakar gida ƙonewa zai yi.

Gora ta gaskiya ciyawa ce, 'yar uwar rake da dawa da gamba, sai dai ta yi girman itace. Irinta ya haura dubu a duniya. Sanin cewa ciyawa ce zai sauƙaƙe maka fahimtar duk abin da ke tafe: saiwarta ba ta nitsewa can ƙasa kamar ta tsamiya, a saman ƙasa take shimfiɗuwa, tana son ruwa da taki kamar rake, kuma kara ɗaya ba shi ne shukar ba. Shukar tana ƙarƙashin ƙasa.

Mataki na farko: duba saiwa kafin ka duba launi

A ƙarƙashin kowace gora akwai wani kara mai gaɓoɓi da idanu, kamar citta, wanda daga shi sababbin karare suke fitowa. Wannan karan na ƙasa iri biyu ne, kuma shi ne ya raba gora gida biyu.

Akwai mai dunƙulewa. Ita wannan karanta na ƙasa gajere ne mai kauri, yana ɗan lanƙwasawa ya fito sama kusa da uwar. Haka take zama tsibi ɗaya kamar gindin gamba ko na ayaba, tana faɗaɗa a hankali, taƙi ɗaya ko biyu a shekara. Ka san inda take yau, ka san inda za ta kai baɗi.

Akwai kuma mai yaɗo. Manomin da ya taɓa fama da tofa ko kirikiri a gonarsa ba sai an yi masa dogon bayani ba. Karanta na ƙasa siriri ne, yana tafiya mita biyu, uku, wani lokacin fiye, a damina ɗaya, sai ka ga tsiro ya ɓullo a tsakiyar daɓe ko a bayan katangar maƙwabci. A Ingila akwai gidajen da irin wannan gora ta ɗaga musu daɓen tsakar gida, a jihar Niyok ta Amurka kuwa tun 2015 aka hana sayar da iri biyu daga cikinta. A wurinmu ko babu doka akwai haƙƙin maƙwabtaka, kuma ba ƙaramin abu ba ne shukarka ta fasa wa wani daɓe.

Yadda za ka gane su a wurin mai sayarwa: duk wadda sunanta ya fara da Bambusa, Dendrocalamus, Gigantochloa, Fargesia ko Oxytenanthera mai dunƙulewa ce. Wadda ta fara da Phyllostachys, Sasa ko Pleioblastus mai yaɗo ce. Masu sayar da furanni a bakin titi galibi ba su riƙe waɗannan sunaye ba, don haka yi amfani da hannunka. Shafa karan tsakanin gaɓa da gaɓa, daidai saman inda reshe ya fito. Idan ka ji wani kwari ko shafaffen gefe ya bi tsawon gaɓar, kuma rassa bibbiyu ne a kowace gaɓa, Phyllostachys ce. Idan karan zagayayye ne sumul, rassan kuma da yawa a gaɓa ɗaya, ɗaya babba sauran ƙanana, to dangin Bambusa ce. Shawarata ga duk mai gida a cikin unguwa: ka tsaya kan mai dunƙulewa.

Mataki na biyu: zaɓi iri daidai da garinku

Nan ne ya kamata a daɗe, domin gorar da ke walwala a Fatakwal ba lallai ta kai watan Afrilu a Sakkwato ba.

A Kano, Katsina, Sakkwato, Maiduguri, Maraɗi, Damagaram da Yamai, damina wata uku ce zuwa huɗu, sauran shekara rani. Abin da ke kashe gora a nan ba zafi kaɗai ba ne, busasshiyar iska ce. Hunturu yana tsotse ruwan ganye fiye da yadda saiwa ke iya mayarwa, sannan bazara ta zo da zafin da ke wuce 40 a ma'auni. Wadda ta fi dacewa ita ce gorarmu ta gida, Oxytenanthera abyssinica, wadda ke fitowa da kanta a dazuzzukan Afirka tun daga Senegal har Habasha, a bakin rafuka da gindin duwatsu. Karanta kusan a cike yake, ba rami sosai a ciki, shi ya sa ake yin sanda da ita. Tana rayuwa a inda ruwan shekara ya kai kusan milimita 800 ba tare da ban ruwa ba, ta zubar da ganye da rani ta sake tohowa da damina. Mutane kan raina ta don sun saba ganinta a daji, amma idan aka share mata gindi aka ba ta ruwa kaɗan da rani, ganyenta mai ɗan shuɗi-shuɗi ba ya kunyata kowa. Idan kana da rijiya ko burtsatse mai ruwa wadatacce, za ka iya dasa mai ruwan ɗorawa da ratsin kore, wato Bambusa vulgaris irin da ake kira Vittata, amma ka sani ka ɗauki alkawarin ban ruwa na wata takwas ko tara kowace shekara. Idan sayen ruwa kake yi a wurin 'yan garuwa, kada ka dasa jeri guda. Gindi ɗaya a babbar tukunya, a gefen da inuwar ɗaki ke faɗawa da rana, ya fi maka.

A Kaduna, Zariya, Abuja, Minna, Bauchi da kudancin Kaduna abin ya fi sauƙi. Damina ta fi tsawo, kuma kusan duk dangin Bambusa suna yi. Mai ruwan ɗorawar nan takan kai mita goma ko fiye, don haka sai gida mai fili. Ga ƙaramin gida akwai Bambusa multiplex, mai siraran karare kamar yatsa, mai cika da ganye tun daga ƙasa, wadda ake yin shinge da ita a riƙa aske ta. Akwai kuma mai ƙullutu, wadda gaɓoɓinta ke kumbura kamar jerin ƙananan tuluna, ana kiranta Wamin. Ba ta cika tsawo ba, kuma ita ce ta fi kyau a ƙofar falo ko a tukunya.

Jos da tsaunin Mambila da Ngaundare a Kamaru daban suke. Tudu ne da ya haura mita dubu, dare na da sanyi, ruwa na da yawa. Dangin Bambusa suna yi, musamman multiplex da ba ta tsoron sanyi. Amma a nan ne kuma mai yaɗo take samun abin da take so, don Phyllostachys 'yar wurare masu sanyi-sanyi ce a ƙasar Sin. Wadda ke zaune lakadan a zafin Kano, a Jos tana iya mamaye lambu. Baƙar gorar nan mai ɗaukar ido, Phyllostachys nigra, a cikinsu take. Idan baƙar kake so ba tare da fargaba ba, nemi Bambusa lako ko Gigantochloa atroviolacea, dukansu baƙaƙe ne kuma masu dunƙulewa, sai dai sun fi son wuri mai ɗumi da laima irin Abuja zuwa kudu.

A Legas, Ibadan, Kumasi, Akara da Duwala matsalar ba ta kamawa ba ce, ta girma ce. Koriyar Bambusa vulgaris da ke cike da bakin rafuka a kudu takan kai mita goma sha biyar zuwa ashirin. Kada ka kai ta ƙaramin gida don ka same ta kyauta. Ƙananan iri za ka nema, kuma ka kula da magudanar ruwa, domin gora na son laima amma ba ta son tsayawa cikin taɓo.

'Yan uwa da ke Ingila, Jamus, Kanada ko arewacin Amurka kuwa, duk waɗannan na ƙasashen zafi ƙanƙara za ta kashe su a waje. Taku ita ce Fargesia, 'yar tsaunukan yammacin Sin, irin wadda dabbar fanda ke ci. Mai dunƙulewa ce, tana jure sanyin da ya kai 20 ƙasa da sifili, tana son inuwa-inuwa, tsawonta mita biyu zuwa huɗu. Ita kuma kada wanda ya ɗauko ta ya kawo gida tsaraba, zafinmu ba zai bar ta ba.

Mataki na uku: wurin dasawa

Tsaya a tsakar gidan ka ɗaga kai. Idan akwai wayar lantarki a sama, canja wuri ko ka zaɓi gajeren iri, domin ɗanyen kara da ya jiƙe da ruwan sama ya taɓa waya haɗari ne. Sannan dubi ƙasa. Ka nisanci ramin masai, tankin ruwa na ƙasa, bututun ruwa da tushen gini. Manyan iri a ba su aƙalla mita uku daga katanga, ƙanana mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Saiwar gora ba ta huda siminti mai lafiya, amma gindin da ya cika ya rasa wurin faɗaɗa yana tura abin da ke gabansa, kuma kana buƙatar hanyar da za ka zagaya bayanta da zarto.

A arewa mai nisa, nemi inda za ta samu ranar safe, ginin kuma ya kare ta daga ranar azahar zuwa la'asar, da kuma iskar hunturu da ke busowa daga arewa maso gabas. A kudu, haka ma a Jos, rana a buɗe ba laifi. Ka tuna kuma gora mai zubar da ganye ce kullum. Idan ka dasa ta a kan rijiya buɗaɗɗiya ko kusa da indararo, ka haɗa kanka da shara. Kayan lambu kuma ba sa yin kyau a kusa da ita, saiwarta takan kwashe ruwa da takin da ke saman ƙasa.

Mataki na huɗu: samun iri

Hanya mafi sauƙi ita ce sayen wadda ta riga ta kama a leda. Ɗaga ledar ka duba ƙasanta: idan fararen jijiyoyi sun leƙo, ta kama. Idan ka ɗan ja karan ya motsa kamar zai zaro, jiya aka soka shi, bar shi. Wadda ke da sabon tsiro a gindi ta fi wadda ke da dogon kara ɗaya.

Hanya ta biyu, kuma ita na fi amincewa da ita, ita ce ɓallo ɗa daga gindin da ya girma. Zaɓi kara ɗan shekara ɗaya zuwa biyu a gefen tsibin, ba a tsakiya ba. Za ka gane shi da sheƙinsa da kuma ɓawon da bai gama zubewa daga gaɓoɓin ƙasa ba. Sare shi a tsawon ƙirjinka, ka bar gaɓa uku ko huɗu masu rassa. Tona gindinsa a hankali da diga har ka ga inda karan ƙasa ya haɗu da uwar ta wani siririn wuya, a nan za ka datse da gatari mai kaifi ko zarto. Kula da idanun da ke jikin karan ƙasa, su ne gorarka ta gobe, idan diga ta kwarje su aikin ya lalace. Ɗago shi da ƙasarsa, naɗe da jiƙaƙƙen buhu, ka dasa a ranar. Bakin da ka sare a sama, toshe shi da laka. Gorarmu ta gida ta wannan hanyar ta fi kamawa.

Hanya ta uku irin ta rake ce, kuma Bambusa vulgaris ce ta fi karɓarta. Yanka kara ɗan shekara ɗaya zuwa biyu gunduwa-gunduwa, kowace da gaɓa biyu, ka rage rassan su zama guntaye. Huda ƙaramin rami a tsakanin gaɓoɓin biyu, ɗura ruwa har ya cika, toshe da laka ko tsumma, sannan ka kwantar da gunduwar a ƙasa mai yashi-yashi, ramin na kallon sama, idanun na kallon gefe, ka rufe da ƙasa kamar tsawon yatsa. A inuwa, da ban ruwa kullum. Cikin mako biyu ko uku za ka ga toho. Kada ya ruɗe ka, abincin da ke cikin karan ne ya fito da shi, jijiya ba ta fito ba tukuna. Jira wata biyu zuwa uku kafin ka taɓa shi. Yanka goma idan biyar kake so.

Maganar ƙwaya kuwa, ka yi hattara da masu tallar ƙwayar gora mai launin shuɗi ko ja a intanet. Gora ba kowace shekara take fure ba, wasu iri sai bayan shekaru masu yawa, ƙwayarta kuma takan mutu cikin 'yan watanni. Bambusa vulgaris ma ba a san ta da ba da ƙwaya mai tsirowa ba, duk wadda ka gani a duniya ta hanyar kara aka yaɗa ta.

Mataki na biyar: dasawa

Lokaci shi ne farkon damina, bayan ruwa ya zauna: ƙarshen Yuni a Kano da Maraɗi, Mayu a Kaduna da Abuja da Jos, Afrilu a kudu. A ƙasashen ƙanƙara, bayan sanyi ya wuce ƙasa ta saki. Wanda ya dasa a Disamba ko Janairu a arewa ya haɗa ta da hunturu da bazara tun ba ta da jijiya, da wuya ta kai labari.

Tona rami kamu ɗaya a faɗi, kamu ɗaya a zurfi, wato kamar santimita 50 zuwa 60. Ajiye ƙasar sama gefe guda, ka cuɗa ta da takin shanu ko na tumaki da ya ruɓe sarai, kashi ɗaya taki kashi biyu ƙasa. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona jijiya, ɗanyen kashin shanu kuma yana kiran gara. Idan ƙasarka jigawa ce mai yashi, ƙara taki don ta riƙe ruwa. Idan laka ce mai riƙe ruwa, zuba bokiti biyu a ramin ka dawo bayan awa uku. In har ruwan na nan, kada ka dasa a cikin rami, tara ƙasa ka yi tudu ka dasa a kai.

Zaunar da shukar daidai zurfin da take a leda, ko ka ƙara yatsa biyu. Binne ta da zurfi yana shaƙe idanun. Mayar da ƙasa, danna da ƙafa a hankali, yi mata kewaye kamar kwano don ruwa ya tsaya, sannan ka zuba ruwa har ƙasar ta ƙoshi. Idan karan dogo ne, kafa turaku ka ɗaure shi, domin iskar farkon damina tana girgiza gindi ta tsinke sababbin jijiyoyi. Daga nan rufe gindin da busasshiyar ciyawa, ɓawon gyaɗa ko ƙaiƙayin shinkafa kauri yatsa huɗu, amma kada ya manne da karan. Don shinge, bar mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi tsakanin gindin multiplex da na gaba. Manyan iri mita huɗu zuwa biyar.

Idan duk da abin da na faɗa mai yaɗo ka zaɓa, to sai ka yi mata kurkuku tun ranar farko. Tona kwalbati zagaye da ita zurfin santimita 60 zuwa 70, ka jera roba mai kauri kamar milimita biyu a tsaye, bakin ya leƙo sama da ƙasa yatsa uku, mahaɗar kuma a ɗaure ta gam. Ledar rufi ba ta isa ba, tsinin karan zai huda ta. Sau biyu a shekara bi bakin robar ka datse duk karan da ke neman tsallakewa ta sama.

Ruwa

Shekara biyu na farko su ne wahalar. Da damina sai in an yi kwana huɗu ko biyar babu ruwa. Da rani, sabon gindi na buƙatar bokiti ɗaya babba, kamar lita 15 zuwa 20, kullum a bazara, bayan kwana bibbiyu a hunturu. Da yamma ko da sassafe. Shayarwa mai yawa lokaci ɗaya ta fi yayyafi kullum. Gora da kanta tana faɗa maka in tana jin ƙishi: ganyen zai naɗe kamar tsinke. Idan ka ba ta ruwa ya buɗe cikin awa ɗaya ko biyu, ba komai. Idan ganye na yin rawaya yana zubewa alhali ƙasa a jiƙe take sharkaf, ruwa ya yi yawa.

Dabarar da ta taimake ni a bazara ita ce binne tulun ƙasa marar fenti a gefen gindin, bakinsa a waje, a cika shi a rufe da murfi. Ruwan na tsatsafowa a hankali daidai inda jijiya take. Ruwan alwala da na wanke shinkafa ko kayan miya duk a juya su can. Ruwan wanki mai sabulun gari da sinadarin cire datti kada ya je wurin. Idan ruwan burtsatsenku mai gishiri-gishiri ne za ka ga bakin ganye na ƙonewa, sai ka riƙa yi mata ambaliya sau ɗaya a wata don gishirin ya nitse ƙasa.

Taki

Kwando ɗaya na ruɓaɓɓen taki a farkon damina, wani a tsakiyarta. Idan za ka ƙara na zamani, cikin ƙaramin gwangwanin tumatir na NPK 15-15-15 ya ishi ƙaramin gindi, a barbaɗa nesa kaɗan da kara a bi da ruwa. Kada a zuba da rani a busasshiyar ƙasa. Ganyen da ta zubar kuma a daina kwashewa ana ƙonawa, a share shi a mayar gindinta, shi ne abin rufarta kuma shi ne takinta.

Abin da za ka gani, da yadda ake gyara ta

Shekarar farko za ka ga kamar ba ta yin komai, 'yan siraran karare ne kawai. A ƙasa take aiki. Shekara ta biyu tsiron zai fi kauri, ta uku ne za ka ga gorar da ka gani a hoto. Wani abu da ya kamata ka sani: kara yana fitowa daga ƙasa da kaurin da zai mutu da shi, ya kai iyakar tsawonsa cikin wata biyu zuwa uku, daga nan ba ya ƙara tsawo ko kauri, sai dai ya yi ƙwari. Saboda haka siririn kara ba zai yi ƙiba ba komai takin da ka zuba, na baɗi ne zai amfana. Haka kuma idan ka sare kan kara, a nan ya tsaya har abada, sai dai ya cika da rassa. Da wannan ake daidaita tsawon shinge: jira sabon kara ya gama miƙewa ya fara fitar da ganye, sannan ka datse shi daidai saman gaɓa.

Tsiron da ya fito inda ba ka so, karya shi da ƙafa tun yana ɗan taƙi ɗaya, a lokacin da taurinsa bai wuce na ɗanyen rake ba. Daga shekara ta huɗu, kowane rani shiga cikin tsibin ka cire busassun karare, karkatattu da waɗanda suka haura shekara huɗu, amma kada ka cire fiye da kashi ɗaya cikin uku. Yanka ƙasa-ƙasa, daidai saman gaɓa, don kada kututturen ya zama ƙoƙon da ruwa zai taru sauro ya yi ƙwai. Sannan ka sassabe rassan ƙasa har tsawon ƙugu ko ƙirji. Wannan shi ke fito da launin karan fili, kuma shi ne amsar masu tsoron cewa gora na tara macizai. Maciji duhuwa da ɓera yake bi. Gindin da ake ganin ƙasarsa, iska na ratsa shi, ba maɓoya ba ne.

A tukunya

Rabin ganga ko babbar tukunyar siminti, mai ramuka a ƙasa, mai baki a buɗe. Tukunya mai ƙunƙuntaccen baki sai an fasa ta ranar fitarwa. Ƙasa, taki da yashi daidai wa daida. Ban ruwa kullum da rani, a bazara ma safe da yamma, kuma a kare jikin gangar ƙarfe daga rana don kada ta dafa jijiyoyin. Bayan shekara biyu ko uku saiwa za ta cika tukunyar, ruwa ya riƙa bi ta gefe yana zubewa. Zazzage ta a farkon damina, raba gindin biyu da zarto, mayar da rabi da sabuwar ƙasa, ɗaya rabin ka samu tukunya ta biyu ko ka ba wani.

Abokan gaba

Akuya ce ta farko. Ganyen gora abinci ne a wurinta, sabon tsiro kuwa in ta gutsire kansa ya tafi ke nan, don haka a kewaye da waya ko ƙaya har karare su wuce bakinta. Gara ta fi bin busasshen kara da shukar da ƙishi ya raunana, cire matattun karare da ban ruwa a kan kari sun fi kowane magani, tokar murhu kaɗan da garin ƙwallon darbejiya a kewayen gindi suna taimakawa. Fararen ƙwarin nan masu kama da auduga da ke maƙalewa a mahaɗar reshe, tare da baƙin dattin da ke bin su a ganye, ana wanke su da ruwan sabulun wanka marar ƙarfi, a fesa da yamma sau biyu ko uku a jere. Da hunturu kuma kada a hura wuta ko a ƙona shara kusa da ita, busasshen ganyen gora kamar fetur yake.

Kararen da ka cire kada ka zubar. Waɗanda suka kai shekara uku zuwa huɗu, aka sare su da rani, su ne masu ƙwari kuma ƙwaro bai cika cinsu ba. Jingine su a tsaye a inuwa da ganyensu na mako biyu ko uku, sannan ka sassabe ka shanya a kwance a inda iska ke shiga, ba a rana ba don kada su tsage. Daga nan ka samu turakun tumatir da na doya, sandar shanya, da abin yin 'yar rumfar da za ka zauna a gindin gorar.